Waiwaye: yadda kirakas ya zama "biskit ɗin masu ciwon suga"

Har yanzu musun nan bai mutu ba. Wani likita ko mai ilimin abinci zai fito ya ce kirim kirakas ɗin da ake kai wa masu ciwon suga a asibiti yana ɗaga suga kusan kamar burodi, sai jama'a su yi masa caa, wai tun muna yara shi ake ba marasa lafiya, yaushe kuma ya lalace, ko dai masu yi ne suka canza haɗi. To ni dai a ganina ba jiya ko shekaranjiya abin ya faru ba, tun ranar da aka haife shi da farar fulawa aka haife shi.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. Kakansa biskit ɗin jirgin ruwa ne, gari da ruwa kawai a gasa har ya bushe ƙarau don ya yi watanni a teku bai ruɓe ba, daga nan ma kabin ɗin da 'yan makarantar kwana ke jiƙawa da madara ya samo sunansa. A 1801 wani mai gasa biskit a Amurka, Josiah Bent, ya riƙa yin nasa mai ƙaras-ƙaras, ana danganta sunan kirakas da wannan ƙarar. Sai 1885 kamfanin Jacob's a Dublin ta ƙasar Ayalan ya fito da kirim kirakas, wanda babu ko ɗigon kirim a cikinsa, sunan daga yadda ake buga haɗin ne. 'Yan hujojin nan da ke jikinsa ma ba ado ba ne, suna hana shi kumbura a wuta.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne abin da ya faru a gidajen niƙa 'yan shekaru kafin 1885 ɗin.

Ƙwayar alkama kashi uku ce, akwai dusa a waje, akwai ɗan idon da ke tsira wanda mai ke cikinsa, sai farin cikin da kusan duk sitaci ne. Duk wadda ta taɓa surfe ta san zancen. Shekaru dubbai da dutse ake niƙa, shi kuma dutse ba ruwansa, murƙushe komai yake tare, ko an tankaɗe sai an bar wani abu na dusa da man idon nan a cikin gari. Garin yana da amfani a jiki amma ba ya ajiyuwa, 'yan watanni man ya fara wari, ga shi bai fita fari tas ba. Farar fulawa ta gaske sai gidan masu hali.

Sai aka ƙirƙiro injin da ke niƙa da naɗaɗɗun ƙarafa masu juyawa, birnin Budapest na Hangari ne ya fara yin suna da shi, daga shekarun 1870 zuwa 1880 kuma ya mamaye Minneapolis a Amurka da manyan gidajen niƙan Ingila. Shi ba murƙushewa yake ba, fasa ƙwayar yake a hankali hawa-hawa ana tankaɗewa a tsakani, dusa ta yi gefe, ido ya yi gefe, a bar farin zalla. Ga kuma jiragen ƙasa da na ruwa masu tururi suna kwaso alkama mai arha daga filayen Amurka. Cikin ƙanƙanin lokaci abin da a da sai mai kuɗi ya zama na kowa, kuma mutane da kansu suka yi rububinsa, don wa zai ƙi fari mai laushi ga arha? Dusar kuwa aka tura wa dabbobi, kamar dai yadda muke yi da tamu.

Irin wannan fulawar ce kirim kirakas yake so. Kwaɓinsa ana sa masa yis ya tashi, a murza shi siriri a ninka a sake ninkawa, shi ya sa in ka karya za ka ga falle-falle, kuma da gari mai dusa da wuya ya fito haka sakayau. Tunda ba man ido a ciki, sai a zuba a gwangwani ya ƙetare teku har ƙasashe masu zafi bai canza ba, haka ya bi jiragen 'yan kasuwar Turawa ya shiga Malesiya da Indiya da Afirka ta Yamma ya zauna daram.

Shi kuma sunan na marasa lafiya ai harshe ne ya ba shi. Ba zaƙi, ba maiƙo a hannu, wanda zuciyarsa ke tashi ko mai ciki da ba ta son warin komai za ta iya tura biyu da ruwan shayi, wannan gaskiya ne. Daga nan aka ɗauka abin da ba zaƙi a baki ba suga a jini, alhali sitacin farar fulawa yana shiga ciki yake narkewa ya koma suga, kuma dusar da za ta ɗan ja masa birki an riga an cire ta tun a injin. Daga shekarun 1940 ƙasashe suka fara mayar wa fulawa wasu sinadaran bitamin da niƙan ya kwashe, dusar dai ba ta dawo ba sai a fakitin da aka rubuta cewa da cikakkiyar alkama aka yi shi, wanda shi kuma mai shagon unguwa bai cika sarowa ba don ba shi ake tambaya ba.