Tsarin bangon hanyar abinci a jikin ɗan Adam

Hanyar abinci bututu ce guda da ta taso daga baki, ta bi ta maƙoshi, tumbi, ƙaramin hanji da babban hanji, ta ƙare a dubura. Idan aka yanko siririn nama daga bangonta, aka rina, aka sa a ƙarƙashin madubin likita, shimfiɗa huɗu ake gani tun daga maƙoshi har ƙasa. Ta ciki, mai taɓa abinci, ita ce mukosa. Bayanta akwai sabmukosa mai ɗauke da jijiyoyin jini, sai tsoka, sai siririyar fatar waje.

Tarihi

Wasu daga cikin sassan suna ɗauke da sunayen mutanen da suka fara bayyana su. Johann Conrad Peyer, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana curin ƙwayoyin garkuwar jiki na ƙarshen ƙaramin hanji a 1677. Ɗan ƙasarsu, Brunner, ya yi bayanin ƙullutun da ke fitar da majina a farkon hanji wajen 1687. Ramukan da ke tsakanin gashin hanji, wato ƙananan tsiran da suka lulluɓe cikin ƙaramin hanji, kuwa sunan Lieberkühn na Jamus suka ci, saboda rubutunsa na 1745, ko da yake wasu na cewa Malpighi na Italiya ya riga shi ganinsu. Saƙar jijiyoyi masu kai saƙo (ba na jini ba) da ke sa hanji aiki da motsi da kansa sai ƙarni na 19 aka gano ta: Meissner a 1857, Auerbach a 1862.

Tumbi

A nan tsoka hawa uku ce, maimakon biyu. Wasu ƙwayoyin suna fitar da asid mai ƙarfi da sinadarin da ke taimaka wa jiki shan bitamin B12, wasu kuma pepsinojen, wanda asid ke juyawa ya zama sinadari mai narkar da nama. Majina mai kauri ce ke hana tumbi cin kansa.

Ƙaramin hanji

Nan ne aikin narkar da abinci da tsotse shi ya fi yawa. Cikinsa lulluɓe yake da ƙananan tsirai kamar gashin tawul, tsawon kowanne bai cika wuce milimita 1 ba, kuma a cikin kowane tsiro akwai jijiyar jini da wata kafa mai kwashe maiƙo. Ƙwayoyin samansa ba sa daɗewa. Cikin kwana 3 zuwa 5 sababbi sun taso daga ramukan sun maye gurbinsu. Curin Peyer ne zazzaɓin taifod ke kamawa, shi ya sa idan cutar ta yi tsanani hanji kan huje a daidai wurin.

Babban hanji

Ba shi da tsirai. Aikinsa tsotse ruwa, kuma ƙwayoyin majina sun yi yawa a cikinsa.

Koyarwa

A Zariya, ɗaliban likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello kan fara sanin waɗannan shimfiɗu ne a kan gilashi mai rini biyu, inda tsakiyar ƙwaya ke fitowa shuɗiya, sauran nama kuma ruwan hoda. Da irin wannan rini ake duba naman da aka ciro daga majinyata a asibitin koyarwa na Shika.