Daga majalisar 1958 zuwa waken Nyankpala: waiwaye kan zancen kimiyya a Gana

Wanda duk ya kama hanyar Akra daga Kumasi, in ya wuce mahaɗar Tek ya doshi Ejisu, zai ga allunan cibiyoyin bincike a Fumesua: ta amfanin gona, ta itatuwan daji, ta gine-gine da hanyoyi. Mutanenmu na Zango da Aboabo da Asawase kullum suna wucewa ta nan a mota, amma da wuya ka samu mai gaya maka abin da ake yi a bayan waɗancan katangun, balle wanda ke yanke shawarar abin da za a bincika. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar kafa zaure na ƙasa don tattauna manufar kimiyya da fasaha, sai a riƙa yi kamar yau aka fara. Alhali zancen ya girmi yawancin masu yin sa.

Tun zamanin Turawa ana bincike a ƙasar nan, sai dai a kan abin da su suke saye. Tashar binciken koko ta Tafo, a yankin Gabas, an buɗe ta ne a 1938, lokacin da cutar kumburin reshe ta far wa gonakin koko, kuma a 1944 ta zama cibiyar binciken koko ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila. Gero da dawa da wake, abincin mutanen arewa, babu wanda ya ba su irin wannan kulawa a lokacin.

Da aka samu 'yanci, Kwame Nkrumah bai ɓata lokaci ba. A 1958 aka kafa Majalisar Bincike ta Ƙasa, a 1959 aka kafa kwalejin manyan masana, sannan a 1963 aka haɗe su wuri guda a ƙarƙashin sunan Kwalejin Kimiyya ta Gana. A nan Kumasi, kwalejin fasahar da ta buɗe a 1952 a filin da Asantehene Osei Agyeman Prempeh na Biyu ya bayar ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. A watan Nuwamba na 1964 Nkrumah ya aza harsashin tashar binciken nukiliya a Kwabenya, a watan Janairu na 1966 kuma ya ƙaddamar da madatsar Akosombo. Masana ba su taɓa samun kunnen shugaban ƙasa kamar a wancan zamani ba, gaskiya ce wannan. Amma komai a wuyan mutum ɗaya aka rataya shi. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki, aikin Kwabenya ya tsaya cak, har sunan Nkrumah aka cire daga jami'ar Kumasi, ba a mayar ba sai 1998. Tukunyar nukiliyar da a ƙarshe aka kunna a Kwabenya 'yar ƙarama ce ta bincike, ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, kuma sai da aka shekara talatin da aza harsashi kafin a kai ga hakan.

Gwamnatin soja ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin masanin Ingila John Cockcroft, ya ba da shawarar a raba abin da aka haɗe. Daga nan ne a 1968 aka samu hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta ƙasa, wato CSIR, wadda a yau take da cibiyoyi 13, ciki har da na Fumesua, da ta binciken ƙasar noma a Kwadaso, da ta noman yankin arewa a Nyankpala kusa da Tamale. Kwalejin masana ta koma gefe, ta zama wurin laccoci da karrama manya.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne, dattawanmu ba sa bukatar a tuna musu. Kuɗin sidi ya lalace, malaman jami'a da na sakandare suka kwarara Najeriya neman abinci, sannan 1983 ta zo da fari da gobarar daji da yunwa, ga kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a lokaci guda. A 1980 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Legas cewa kowace ƙasa za ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan kimiyya da fasaha. Ƙasar da ake bin layin garin masara, ina ta ga kuɗin ɗakin gwaji?

Duk da haka, a ganina abu mafi kyau da aka taɓa yi a wannan fage cikin wannan ƙuncin aka yi shi, kuma a Kumasi. A 1972 jami'ar ta buɗe wata cibiya ta ba masu sana'a shawara, wadda ta shiga aikin sabulu da saƙa da kiwon zuma da ƙera noti da kusoshi. A 1980 sai ta ɗauki injinanta ta kai su cikin Magazin ɗin Suame, tsakiyar makanikai da maƙera da masu walda. Injiniya mai digiri ya tsaya kusa da masta wanda bai gama firamare ba, wannan ya san lissafin ƙarfe, wancan ya san abin da ke karyewa a hanyar Bolga da dalilin karyewarsa. Daga wannan zama ne narka ƙarfe da zuba shi ya bunƙasa a Magazin, har aka riƙa yin faifan injin niƙa a gida. Wanda ya san yawan tuwon zaafi da banku da kokon da ake ci a garin nan ya san mene ne faifan niƙa. Gwamnati ta ga amfanin abin, a 1987 ta kafa shirin GRATIS don a kai irin wannan cibiya sauran yankuna. 'Ya'yan Zango da yawa a Magazin suka koyi sana'a suka yi aure suka gina gida, kuma ba a kira wannan aiki da sunan babban taro ba, amma tattaunawa ce ta gaske tsakanin masani da mai bukata. Haka ma masarar Obatanpa da cibiyar Fumesua ta fitar a 1992, mai ingantaccen sinadarin gina jiki, sunanta da Asantanci na nufin uwa tagari. Manoma sun karɓe ta hannu bibbiyu, ta ƙetara har wasu ƙasashen Afirka.

A ɓangaren gwamnati kuwa, kimiyya ta zama kamar ɗan riƙo, yau tana wannan gida gobe tana wancan. A 2006 aka rushe ma'aikatar muhalli da kimiyya, aka kai kimiyya ma'aikatar ilimi da wasanni. A 2009 aka sake haɗa ma'aikatar. An rubuta takardar manufa a 2000, an sake a 2010, an sake a 2017. Akwai ma cibiya guda ta CSIR a Akra, wato STEPRI, wadda aikinta kawai nazarin manufar kimiyya ne. Ba wurin magana ba ne ya yi ƙaranci. Kuɗi ne. Ƙididdigar 2010 ta nuna abin da Gana ke kashewa a bincike bai kai rabin kashi 1 ɗin da aka yi alkawari a Legas ba, kuma mafi yawan abin da gwamnati ke bayarwa albashi ke cinyewa. Kuɗin gwaji da na fita gona sau da yawa daga masu ba da tallafi na waje yake zuwa, kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai kuɗin ne ke zaɓen tambayar da za a nemi amsarta. An daɗe ana ja-in-ja da malaman jami'a a kan alawus ɗinsu na littattafai da bincike kafin majalisa ta zartar da dokar Asusun Bincike na Ƙasa a 2020. Sannan ita ma'aikatar kimiyya, tunda an haɗa mata muhalli, galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, na cinye mata hankali. Ministanta Ibrahim Murtala Mohammed, ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya, a hanyar zuwa taron Obuasi kan haƙar zinariya ne ya rasu tare da mutum bakwai a hatsarin jirgi mai saukar ungulu ranar 6 ga Agusta 2025. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan duka haƙuri.

Ba a rasa abin alfahari ba a tsakani. A 2017 ɗaliban wata jami'a mai zaman kanta a Koforidua suka ƙera ƙaramin tauraron ɗan Adam, GhanaSat-1, aka harba shi, kuma a shekarar aka mayar da tsohon faifan sadarwa na Kuntunse na'urar hangen sararin samaniya.

Amma inda maganar ta shigo tukunyarmu kai tsaye shi ne wake. Akwai wata tsutsa da ke cin fure da kwanson wake, wadda kan lalata gona kusan duka in ba a yi feshi ba. Masu bincike a Nyankpala sun shafe shekaru suna gwada wani iri da aka saka wa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke sa shukar ta samar da sinadarin da ke kashe tsutsar. Dokar kula da irin wannan aiki an yi ta a 2011, hukumar da ke sa ido ta amince da irin a 2022, aka fitar da shi ga manoma a 2024 da sunan Songotra-T. Najeriya ta riga mu, cibiyar Samaru ta Zariya ta fitar da nata tun 2019. Masu binciken sun ce feshin da kan kai sau takwas zai koma kamar sau biyu. Masu adawa, ciki har da ƙungiyar Food Sovereignty Ghana wadda ta kai ƙara kotu, sun tayar da tambayoyi kan lafiya, da kan wanda zai mallaki iri, da makomar irin gargajiya da manomi ke ajiyewa a rumbu. Tambayoyi ne da suka cancanci amsa, kuma ɓangarorin biyu sun yi magana sosai, amma da Turanci, a kotu da otal-otal na Akra da shafukan jarida.

To wa ke dafa waken? Wace unguwa ce ta ba ƙasar nan waakye, har sunansa ma daga shinkafa da wake aka samo shi? Ƙosai da tubani fa? Wata ƙanwar mahaifiyata da ta fi shekara ashirin tana sayar da waakye a Aboabo ta tare ni wata rana da asuba tana kwashe shinkafa, ta ce, "Kai da ka yi boko, an ce akwai sabon wake da aka sa wa magani a cikinsa. Ya halatta a ci?" Na ce, "Hajiya, ba magani aka zuba masa ba," na yi mata bayani iya sanina. Ta saurara da kyau, ta tambaye ni ko yana dahuwa da wuri, ko yana ajiyuwa ba ƙwari, ko kuma farashin kwano zai sauka. Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata mai bincike ya ji tun kafin ya shuka gonar gwaji, kuma babu takardar manufa daga 2000 zuwa yau da ta samar da hanyar da za su riƙa isa gare shi a kai a kai.

Saboda haka in za a kafa zauren ƙasa, ina goyon baya, amma a dubi Suame ta 1980 kafin a dubi wani wuri. A ba shugabannin makanikai da sarauniyoyin kasuwa da ƙungiyoyin manoma kujera ta dindindin, a riƙa zama a Tamale da Techiman da Kumasi, ba Akra kaɗai ba. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa da Dagbanci da Asantanci da sauransu, tashoshin FM na Kumasi ma suna da filayen Hausa da ake kira a waya, kuma daga Fumesua zuwa Aboabo tafiyar mota ɗaya ce. Hajiya har yanzu tana auno wakenta a kasuwa, kuma ta ce in an samu masanin da zai zo, a kawo shi bayan azahar, lokacin ta gama ciniki.