Ƙa'idar Ƙuri'ar da Aka Jingine Tun 1995

Duk lokacin da aka tashi daga taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, muhawara ɗaya ce ke dawowa: me ya sa ake shafe mako biyu ana ja-in-ja, a ƙarshe a fito da matsayar da ba ta ɗaure kowa sosai ba? Bayan taron Baku na 2024, inda aka tsaya a kan dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035 domin ƙasashe masu tasowa, wakilai da dama sun koma gida ransu a ɓace. Wasu suka ce tsarin ya lalace. A ganina, tun ran gini aka yi zanen.

A Rio aka buɗe babbar yarjejeniyar sauyin yanayi domin sa hannu a 1992, ta fara aiki a 1994. Ta Kyoto a 1997 ta yanka wa ƙasashe masu masana'antu adadin hayaƙin da za su rage, ta Paris kuma a 2015 ta bar kowace ƙasa ta yanka wa kanta. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne zaman farko na ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar, a Berlin a 1995. An gabatar da daftarin ƙa'idojin zama, kuma a cikinsa akwai ƙa'ida ta 42, wadda za ta fayyace irin rinjayen da za a bi idan lallashi ya ƙare ba a daidaita ba. Ba a yarda da ita ba. Aka ci gaba da aiki da sauran ƙa'idojin, ita kuwa aka jingine ta, kuma har yau tana nan a jingine. Ke nan ƙasashe kusan 200 ba su da hanyar yanke hukunci kan muhimman batutuwa sai da yardar kowa, alhali ba a ma rubuta abin da yardar kowa take nufi ba. Shi ya sa a Copenhagen a 2009 taro ya iya cewa kawai ya san da takardar da shugabanni suka tsara, bai amince da ita ba. A Cancun a 2010 an zartar da matsaya duk da ƙin amincewar ƙasa guda. A Glasgow a 2021, ana daf da rufe taro, aka sassauta maganar daina ƙona kwal ta koma ragewa.

Gaskiya ne wannan tsari yana kare ƙananan ƙasashe daga danniya, kuma ban raina hakan ba. Amma manomin Sahel da damina ke yi wa gardama ba ya cin ribar tsarin da mafi jan ƙafa ne ke tsara saurin tafiya. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, mai kare rufin ozon da ke tare hasken rana mai cutarwa, ta tanadi rinjayen kashi biyu cikin uku idan sulhu ya gagara, kuma sanin cewa ƙuri'a na nan yana sa mai turjiya ya sassauto.

A 2011 Mexico da Papua New Guinea suka nemi a gyara yarjejeniyar sauyin yanayi, a riƙa bin rinjayen kashi uku cikin huɗu idan an rasa mafita. Shekara da shekaru ana ɗage tattauna wannan buƙata zuwa taro na gaba.