Taswirar tudu da kwari: a duba ta kafin a sayi fuloti ko a yi huɗa

Da rani kowane fili mai kyau ne a ido, sai ruwan Agusta ya sauka sannan ƙasa take nuna halinta. Mazauna unguwannin Kigo Road da Kabala da Nasarawa a birnin Kaduna, waɗanda suke kwana da fargaba duk lokacin da Kogin Kaduna ya cika ya batse, sun san haka. A matsayina na malamin gona, ina so manoma da masu shirin gini su sani cewa ana iya gane inda ruwa zai bi tun kafin damina.

A watan Fabrairun 2000, kumbon Endeavour na hukumar NASA ta Amurka ya yi kwana 11 yana zagaya duniya, yana auna tsayin ƙasa da rada, wato na'urar da ke aika siginar rediyo ta bugi ƙasa ta dawo. An raba doron ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin mita 30 a tsaye da kwance, kuma kowanne da lambar da ke nuna tsayinsa daga matakin teku. Tun 2014 aka saki bayanan Afirka kyauta. Idan aka ɗora su a kwamfuta, sai tudu da kwari da gangare su fito sarai, har a ga hanyar da ruwa zai gangara da kwarin da zai kwanta. Birnin Kaduna yana kan tsayin mita 600 ko kusa da haka, amma bambancin mita biyu ko uku tsakanin fuloti da bakin rafi shi ne yake raba gidan da zai tsira da wanda zai ci ruwa.

Ga manomi, sanin gangare yana nuna masa yadda zai ja kunyoyi a gicciye domin ruwa kada ya kwashe taki da ƙasar sama. Mai gida kuwa zai san kada ya haƙa masai a tudun da ke gangarowa zuwa rijiyarsa.

Sai dai taswirar ba ta ganin kwalbati ko magudanar da shara ta toshe, kuma rada kan ɗauki kan bishiya ko rufin gida a matsayin ƙasa. Saboda haka, bayan an tuntuɓi safiyo ko KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, a taka zuwa filin da ƙafa, a duba zanen laka da ruwan bara ya bari a jikin katangun maƙwabta, sannan a tambayi dattawan unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.