Salansa da ma'aunan zafi a jirgin sama haɗin gida: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa salansar ƙaramin jirgi ke yawan tsagewa?

Zafi da girgiza ne. Hayaƙin da ke fitowa daga injin irin Lycoming O-320 yakan wuce digiri 700 a ma'aunin Salshiyos, ƙarfe ya buɗe, in an kashe inji ya tsuke. Idan maƙeri ya ɗaure bututun tamau da jikin jirgi alhali injin na rawa a kan robobinsa, dole wani wuri ya ba da kai, kuma galibi gefen walda ne. Shi ya sa ake sa mahaɗai masu zamewa, ake kuma amfani da ƙarfe marar tsatsa samfurin 321. Wani abu da sababbin maƙera ke rainawa: kada a yi wa bututun alama da fensir. Gawayinsa na shiga ƙarfen idan ya yi zafi, wurin ya yi rauni.

Ƙaramar tsaga har ta kai abin tsoro?

Ta kai, kuma nan ne na fi damuwa. Yawancin waɗannan jirage suna ɗumama ɗakin matuƙi ne da iskar da ta ratsa ta jikin salansa. Da zarar ta tsage, iskar kabon monoksaid ta samu hanya, ga shi ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, sai jiri, sai hankali ya dushe. Binciken hatsarin da ya kashe ɗan ƙwallo Emiliano Sala a Janairun 2019 ya gano wannan guba mai yawa a jininsa, kuma jirgin nan ƙirar kamfani ne. Wanda ya haɗa nasa da hannunsa ya fi cancantar sa na'urar gargaɗi mai ƙara.

Yaya ake gano yoyo?

A toshe bakin bututu, a hura iska ciki, a shafa ruwan sabulu. Inda kumfa ta taso, nan ne. Tabon toka-toka a kusa da mahaɗa ma alama ce.

Ma'aunin zafin hayaƙi na nuna wata silinda ta bambanta da saura. Injin ne ya lalace?

Kafin a zargi inji, a duba inda aka huda bututun. Ana dasa kowane tsinken awo, wato ɗan ƙarfen da ake sokawa cikin bututu don ya auna zafin hayaƙi, inci 2 zuwa 4 daga bakin silinda, kuma nisan ya zama ɗaya a dukkansu. In ɗaya ya fi kusa, lambarsa za ta fi ta saura ko da injin lafiya lau yake. Sai waya: tsinken yana aiki ne da wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban, don haka ƙara masa tsawo da wayar tagulla, ko juya ƙafafunsa, yana ɓata awon.

Allurar ma'auni na rawa idan an kunna fitila ko rediyo fa?

Mafi yawa wayar nagetif ce ba ta zauna ba. A tattara dukkan nagetif wuri guda, a haɗa shi da jikin injin da waya mai kauri, sannan a sake gwadawa a ƙasa kafin a tashi.