Ajiye mota na dogon lokaci

Ajiye mota na dogon lokaci shi ne shirin da ake yi wa motar da za ta zauna wuri ɗaya ba a hawa, daga wata guda zuwa shekara ko fiye, domin ranar da aka dawo gare ta a same ta da lafiyarta. Masu yin doguwar tafiya suna yin sa, haka masu tsofaffin motoci na tarihi, da waɗanda ke zaune a ƙasashe masu tsananin hunturu inda ake janye wasu motoci daga titi har sai ƙanƙara ta narke. An ƙera mota ne don ta riƙa motsi. Tafiya ce ke zagaya da mai cikin inji, take cika batir, take ƙone danshin da ya taru a salansa, take goge tsatsar da ta fara kama birki. Da zarar mota ta tsaya, duk waɗannan ayyuka sun tsaya tare da ita, sai lalacewa ta wani salo daban ta fara, a hankali kuma ba tare da ƙara ba. Galibin wannan lalacewa ruwa ne tushenta, ko dai a matsayin danshi, ko raɓa, ko ƙanƙara.

Batir

Batir ne ke fara mutuwa. Irin wanda yawancin motoci ke amfani da shi, na dalma da asid, Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau yana da halinsa na asali: yana zubar da caji da kansa ko ba a jona masa komai ba, kuma zafi na ƙara saurin zubarwar. A motocin zamani akwai ƙarin masu shan wuta ko an kashe inji, kamar agogo, ƙararrawar ɓarayi, kwamfutar inji da na'urar da ke jiran siginar makulli. Shi ya sa mota mai lafiyayyen batir kan ƙi tashi bayan makonni kaɗan a tsaye.

Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 a ma'aunin ƙarfin wutar lantarki. Idan ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, wani farin gishiri na dalma yana taruwa a kan farantan cikinsa yana taurara, kuma wanda ya taurara ba ya narkewa da caji. Batirin da ya yi watanni babu wuta yakan karɓi caji daga baya, amma ba ya komawa ƙarfinsa na da. A wurin sanyi abin ya fi muni, domin ruwan batirin da ke cike da caji ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, alhali na wanda ya mutu ya kusa zama ruwa zalla, yana iya daskarewa tun a wajen digiri 7 ƙasa da sifili ya fasa jikin batirin.

Hanya mafi kyau ita ce jona shi da ƙaramar na'urar caji mai lura da kanta, wadda ke ba shi wuta idan ya ragu ta tsaya idan ya cika. Inda babu lantarki, sai a cire kan batir, a fara da na nagatif, domin idan aka fara da na fozitif sifana na iya taɓa jikin mota wuta ta yi tartsatsi. Cirewar tana goge wasu saituna, wasu rediyoyin ma sai an sake shigar musu da lambar sirri, don haka yana da kyau a duba littafin motar tukuna.

Fetur da dizal

Fetur ba ya daɗewa yadda mutane da yawa ke zato. Sassansa masu sauƙin kama wuta suna tashi su bi iska, sauran kuma yana haɗuwa da iskar oksijin ya zama wani danƙo mai launin ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyin mai. Cikin wata uku zuwa shida yakan fara canzawa, warinsa ma ya koma kamar na tsohon fenti. Fetur mai haɗin etanol (wani nau'in sinadarin barasa), kamar wanda ake kira E10 saboda yana ɗauke da etanol har kashi 10 cikin ɗari, yana da ƙarin matsala: etanol na jan ruwa daga iska, idan ruwan ya yi yawa sai su biyun su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfon mai ke zuƙa.

Abin da aka saba yi shi ne a cika tanki ya kusa baki. Dalilin shi ne, sararin da babu mai iska ce ke cike shi, kuma duk lokacin da gari ya yi zafi da rana ya huce da dare, danshin wannan iska yana zama raɓa a bangon tanki. A tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe, daga nan tsatsa take farawa. Ana zuba sinadarin da ke hana fetur lalacewa kafin a cika, sannan a tuƙa motar na mintuna goma zuwa goma sha biyar don ya kai ko'ina cikin layin mai. Mota mai kafireto kuwa, ɗan man da ke kwance a cikin kafireton shi ke fara bushewa ya bar danƙo, shi ya sa wasu ke zubar da shi gaba ɗaya. Idan ajiyar za ta kai shekaru, cika tanki ba ya wadatarwa, gara a tsiyaye shi.

Dizal ya fi fetur jure zama, sai dai idan ruwa ya kwanta a ƙasansa ƙwayoyin cuta da funfuna na iya rayuwa a mahaɗar ruwan da man, su haifar da baƙin yauƙi mai toshe filta. A tsananin sanyi kuma kakin da ke cikinsa yana daskarewa, wanda ya sa ƙasashen sanyi ke sayar da dizal na hunturu dabam da na bazara.

Baƙin mai, ruwan lagireto da man birki

Ana canza baƙin mai da filtarsa kafin ajiya, ko da lokacin canjin bai cika ba. Man da ya yi aiki yana ɗauke da asid, ruwa da baƙin hayaƙi, kuma barin su kwance a kan ƙarafan inji na watanni yana cin fuskarsu. Idan zaman zai wuce shekara, makanikai kan cire fulogi su fesa ɗan mai na musamman cikin silinda don kada bangonta ya yi tsatsa zoben fistin ya manne.

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ƙarfin da ya isa ya tsaga lagireto ko jikin injin kansa. Haɗin rabi ruwa rabi sinadarin etilin gilaikol, wato maganin hana daskarewa da ake zubawa a lagireto, yana jure sanyi har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Ko a inda ba a san ƙanƙara ba wannan haɗin yana da amfani, domin yana ɗauke da magungunan hana tsatsa da ruwa zalla ba shi da su. Yana da guba, yana kuma da zaƙi-zaƙi, don haka ba a barinsa a zube inda yara ko dabbobi za su kai gare shi.

Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska. Ruwan da ya shiga yana rage zafin da man zai iya ɗauka kafin ya tafasa, yana kuma sa tsatsa daga ciki. Kamfanoni da yawa na ba da shawarar canza shi duk shekara biyu. Idan lokacin ya matso, a yi kafin ajiya.

Birkin hannu da tayoyi

Ba a jan birkin hannu a bar shi watanni. Takalmin birki yana mannewa da faranti ko gangar birki saboda tsatsa, ranar tashi kuma taya ta ƙi juyawa. A maimakonsa ana sa waigi a gaba da bayan taya, a bar motar cikin giya, mai otomatik kuma a kan P.

Taya tana rasa kusan psi 1 na iska a wata (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), tana kuma ƙara rasa kusan haka duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Nauyin mota a kan wuri ɗaya yana baje gefen da ke ƙasa, a ji motar tana karkarwa idan an fara tafiya. Sau da yawa bajewar na warwarewa idan taya ta yi ɗumi, amma wadda ta zauna da ƙarancin iska tana iya lalacewa har abada. Saboda haka ake ƙara iska sama da yadda aka saba, ba tare da wuce iyakar da aka rubuta a gefen tayar ba. Akwai saɓani kan ɗora mota a kan ƙafafun ƙarfe: yana sauke wa taya nauyi, amma yana barin shokozoba a rataye cikin yanayin da ba a tsara su su daɗe a ciki ba. Ga ajiyar 'yan watanni, ƙarin iska da ɗan gusar da motar lokaci-lokaci sun isa. Hasken rana ma yana tsattsage roba ko motar ba ta taka ko'ina ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin lambobin da ke farawa da haruffan DOT a jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta.

Jiki, ciki da wurin ajiya

Ana wanke mota sosai a bar ta ta bushe sarai. Kashin tsuntsu da danƙon itace suna cin fenti idan suka daɗe. A ƙasashen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, wankin ƙarƙashin mota ya fi na samanta muhimmanci, domin gishirin da ya maƙale a lungu yana ci gaba da jawo danshi duk tsawon ajiyar. Ana ɗaga waifa daga gilashi don kada robar ta manne.

Gareji busasshe mai shan iska shi ne mafi dacewa. Daɓen siminti yana fitar da danshi, shi ya sa wasu ke shimfiɗa leda mai kauri kafin su shigar da motar. Ciyawa ko ƙasa mai laima ita ce mafi munin wurin tsayawa. Game da mayafi kuwa, tamfol ko leda marar huji tana kulle danshi a jikin fenti, iska kuma na kaɗa ta tana goge shi. Mayafin yadi mai barin iska ta ratsa ne ya kamata.

Ɓeraye sun cancanci a ɗauke su da gaske, domin ɓarnarsu na iya fin ta duk sauran tsada. Motar da ba ta motsi mafaka ce gare su. Suna yin sheƙa a gidan filtar iska da ƙarƙashin bonet, suna kuma tauna wayoyi, kuma gano waya ɗaya da aka gutsure cikin damin wayoyin mota ta zamani aiki ne mai cin lokaci. Ana kwashe duk wani ɓurɓushin abinci daga ciki, a toshe bakin salansa da mashigar iska da soson ƙarfe, a ɗana tarko a kewaye. Ya kamata a rubuta takarda a ajiye a kan sitiyari mai tuna abin da aka toshe da abin da aka cire.

Tayar da inji lokaci-lokaci

Al'ada ce da ta yaɗu a riƙa kunna motar da ke ajiye na minti biyar duk mako da niyyar kula da ita. Niyyar mai kyau ce, amma cutarwar ta fi amfanin. Ƙonewar mai tana samar da tururin ruwa, kuma injin da bai kai cikakken zafinsa ba ba ya korar wannan tururi, sai ya kwanta a salansa da cikin baƙin mai. Wutar da aka kashe wajen tayar da injin ma ba ta dawowa batir cikin ɗan wannan lokaci. Idan za a tayar, to a fita da motar titi na aƙalla minti ashirin, a taka birki, a kunna na'urar sanyaya iska don man cikinta ya jiƙa robobin da ke hana gas ɗinta zuba. Idan hakan ba zai yiwu ba, barinta a kashe ya fi. Kunna inji a rufaffen gareji kuwa haɗari ne ga rai, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari.

Motoci masu lantarki

Babban batirinsu na litiyam ba ya son zama cike taf ko wayam na dogon lokaci. Wajen rabin caji aka fi ba da shawara. Su ma suna da ƙaramin batir mai kunna kwamfutocinsu, idan ya mutu motar ba za ta tashi ba ko babban na da wuta. Wasu kamfanoni suna son a bar motar a jone da caji, wasu ba sa so, don haka umarnin kamfanin ne abin bi.

Takardu

Dokoki sun bambanta. A Birtaniya, tun 1998, mai motar da ya janye ta daga titi yana sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin direbobi, ta hanyar sanarwar da ake kira SORN, wadda ke ɗauke masa harajin titi muddin motar ba ta kan hanyar jama'a. A Jamus akwai lambar mota ta wani zango na shekara, tun 1997, mai aiki na tsawon wata biyu har zuwa wata goma sha ɗaya a shekara, ana rubuta watannin a jikin lambar. Ko ina ne, soke inshora gaba ɗaya yana barin motar ba kariya daga gobara ko sata.

Dawo da ita kan hanya

Kafin a murɗa makulli, ana cire abin da aka toshe, a leƙa ƙarƙashin bonet don neman sheƙa ko wayar da aka tauna, a duba ƙasa ko wani ruwa ya ɗiga, a gwada yawan mai da ruwa. Ana mayar da iskar taya yadda kamfani ya tsara, a jona batir, wannan karon a fara da fozitif. Bayan inji ya tashi ana barinsa ya ɗan yi aiki a hankali har mai ya zagaya. A mitocin farko birki zai yi ƙara saboda siririyar tsatsar da ke kan faranti, kuma takan goge bayan an taka shi 'yan lokuta. Idan ƙarar ta ƙi tafiya, ko fedar birkin ta yi laushi tana nutsewa, motar na bukatar makaniki kafin ta shiga cikin sauran motoci.