Yadda makullin gindin ƙaramar bindiga mai naɗewa yake aiki

Gindi mai naɗewa shi ne wannan ƙarfen da ake dafa wa kafaɗa a ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta, irin wadda take cin harsashin fistol, in an gama sai a ninke shi bindigar ta gajarce. An ƙirƙiro shi ne saboda sojojin laima da waɗanda ke cikin tankar yaƙi, mutanen da ba su da wurin juya doguwar bindiga. Jamus ce ta fara yayata shi da bindigarta MP 38 a 1938, sannan MP 40 ta biyo baya.

Abin ba wani mai wuya ba ne, kusan sakatar ƙofa ce kawai. Akwai sandar da gindin yake juyawa a kanta kamar hinji, akwai ɗan ƙarfe mai haƙori wanda sifirin ke turawa kullum, sai kuma rami ko tsaga da haƙorin zai faɗa. Yawanci ramukan biyu ne, ɗaya na lokacin da gindin yake miƙe ɗaya na lokacin da yake ninke. In ka danna maɓallin sai sifirin ya matse, haƙorin ya fita daga ramin, gindin ya samu damar juyawa, da ya kai ɗaya ramin sifirin ya sake cilla haƙorin ciki ka ji ƙas, to ya kullu kenan.

A MP 40 maɓallin yana gefen hagu saman mariƙin hannu, gindin kuma ƙasa yake bi ya kwanta a ƙarƙashin bindigar. Kuma nan ne matsalar take, domin nauyin kafaɗa da bugun harbi a kan hinjin da wannan ɗan haƙorin suke sauka, yau da gobe ƙarfe yana cin ƙarfe ramin ya ɗan buɗe, sai gindin ya fara girgiza ko da yana kulle. Ɗan motsin da bai kai komai ba a wurin hinjin, in ya isa can ƙarshen da ke taɓa kafaɗa ya zama babba, saiti ya lalace. A ganina wannan girgizar ita ce ma'aunin makulli mai kyau da maras kyau, shi ya sa wasu masu ƙira suke yi wa haƙorin baki mai tsini-tsini kamar weji, yana cinyewa sifirin yana ƙara tura shi ciki yana toshe giɓin. Rasha ta ɗauki salon na Jamus ta sa wa AKMS, wani nau'in bindigar AK, duk da ita babbar bindiga ce, ita ma an san ta da wannan girgizar.

Sterling ta Ingila hanyarta daban, gindin a murfin bayan bindigar yake kamawa, sai an danna makamin murfin an tura shi gaba kafin ya saki, in an ninke kuma sai ya maƙale a jikin bututun nan mai huji-huji da ke kare bakin bindigar. Uzi ta Isra'ila gaɓa biyu gare ta tana ninkewa ƙasa, PPS-43 ta Rasha kuwa ta sama take kifewa. Beretta M12 ta Italiya, wadda masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna ita ma ta ƙera irinta, gefen dama take ninkewa. MP5A3 ta Jamus ba ta cikin wannan layin, nata gindin zamewa yake yi ciki da waje a kan sanduna biyu.

Yashi da tsatsa su ne manyan abokan gaban makullin. In ƙura ta cika ramin haƙorin ba ya shiga har ƙarshe, gindin sai ya yi kamar ya kullu alhali rabi ya kama, yana iya ninkewa a tsakiyar harbi.